Sake kafa tankin kifin ruwan gishiri ba tare da rasa dutse mai rai ba: me ya cancanci kuɗinka?

Idan tankin kifin teku ya rikice, gansakuka ta rufe ko'ina, kifi na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zuciya takan ce a kwashe komai a zubar. Dakata tukuna game da dutsen. Abin da ake kira dutse mai rai ƙwarangwal ne na murjanin da ya daɗe da mutuwa, jikinsa duk ƙananan ramuka, kuma a ramukan nan ne bakteriyar da ke mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) naitirait, daga nan zuwa naitiret mai ƙarancin illa, take zaune. Shi ne matatar tankin. Yadda za ka adana shi, da abin da za ka saya, ya danganta da abin da ya ɓata tankin tun farko.

In gilashi ne ya fara yoyo, ko babban tanki ka samu, aikinka da sauƙi. Sayi babban bahon roba irin wanda aka amince a ajiye abinci a ciki, da hita, da ƙaramin famfo mai juya ruwa. Ka nutsar da dutsen a ruwan da ma'aunin gishirinsa ya kai 1.025, ɗuminsa wajen digiri 25 a ma'aunin Celsius. Kada ka bar shi a iska, domin soson teku da ke manne da shi yakan mutu, ruɓarsa kuma ta tayar da amoniya. Wannan ce hanya mafi arha, amma duk aibin da ke jikin dutsen tare da shi zai koma sabon tanki.

In kuwa gansakuka ce ta kore ka, bahon nan dai za ka yi amfani da shi, sai dai a rufe shi ruf, ba haske ko kaɗan. Dutsen da ya shekara a tanki mai datti ya sha fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, yana kuma sakinta a hankali, shi ya sa ko ka goge gansakuka take dawowa. A duhu takan mutu, bakteriya kuwa tana nan da ranta. Duk mako ka girgiza kowane dutse a tsohon ruwan, ka zubar, ka haɗa sabo, ka auna fosfet. Za a iya shafe wata ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Gishiri ne ke cin kuɗi a nan, don haka babban bokiti ya fi ƙananan leda riba. Launin shunayyar da ke ƙawata dutsen zai dushe, amma yana dawowa. Ni dai wannan hanyar na fi yarda da ita, ko da yake ba kowa ke da haƙurinta ba.

Akwai masu jiƙa dutse a bilic, wasu su bi shi da asid don a cinye fatarsa ta sama mai fosfet. Wannan sai tura ta kai bango, misali Aiptasia, ƙaramar halittar nan mai harbin murjani, ta mamaye shi, don duhu ba ya saurin kashe ta. Ka sani dutsen ya tashi daga mai rai ke nan. Sai an ɗauraye, an shanya, sannan a jira makonni bakteriya ta sake kafuwa, kuma a nan ne kawai kwalbar bakteriya ta kanti ke da amfani sosai. Kada bilic da asid su haɗu, iskar da ke tashi guba ce.

Abu biyu na iya rushe lissafin nan. In ka taɓa zuba maganin kifi mai ɗauke da jan ƙarfe a tankin, dutsen ya tsotse shi, kuma zai iya kashe murjani da jatan lande daga baya. Busasshen dutse sabo ya fi maka. In cutar fararen ɗige-ɗige ce ta kashe kifin, dutsen na nan lafiya, amma masu kiwo da yawa sukan bar shi kwana 76 ba kifi, ƙwayar cutar ta rasa mai ɗaukarta.

Tsohon yashi kuwa ka sallame shi. In ka tona ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka gane dalili. Tsakanin jiƙaƙƙen yashin leda da ake tallata shi a matsayin mai rai da busasshen yashin aragonayit, ɗauki busasshen ka wanke, dutsenka zai ba shi bakteriya kyauta.

Rarar kuɗin ka kashe wajen samun ruwa mai kyau. Ruwan famfo na iya zuwa da fosfet da silika, ya mayar da kai gidan jiya, saboda haka na'urar tacewa ta RO/DI ta fi sabuwar fitila muhimmanci. Wajen awon gishiri, rifraktomita da aka saita da kyau ya fi haidromitan roba mai allura, wanda kumfar iska ɗaya ke sa shi ƙarya. Ka haɗa da kayan gwajin amoniya da naitirait, kuma sai dukansu sun nuna sifili na 'yan kwanaki kafin kifin farko ya shiga.