Canva da fastar kare muhalli a jami'a: tana yin aikin, amma a sa ido kan ƙugiya

Idan 5 ga watan Yuni ta ƙarato, wato Ranar Muhalli ta Duniya, ƙungiyoyin ɗalibai kan shiga neman wanda zai tsara musu fasta, kuma galibi a kan Canva, manhajar tsara zane ta intanet, ake ƙarewa, tunda tana buɗewa a waya kuma ba sai an biya ba. Manhajar ta wani kamfanin Ostireliya ce da ke birnin Sidni, an ƙaddamar da ita a 2013. Abin da aka auna a nan abu ɗaya ne: ko za ta iya fitar da fasta ta Hausa wadda haruffa ne kaɗai adonta, babu hoton bishiya, babu hoton duniya a tafin hannu, sai kalmomi. Amsar ita ce za ta iya, amma rauninta yana daidai inda irin wannan fasta ta fi buƙatar ƙarfi.

Babban abin dubawa shi ne ɓ, ɗ da ƙ, da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, sai kuma ƴ ga masu rubutu a Nijar, inda a Najeriya ake rubuta 'y. Canva na da salon haruffa da yawan gaske, amma da dama daga cikin masu kauri da kyau, waɗanda ido ke fara kaiwa gare su don babban take, an zana su ne don harsunan Turai, babu haruffa masu ƙugiya a cikinsu. Kuma manhajar ba ta yin gargaɗi. Abin da take yi shi ne ta aro harafin daga wani salo dabam ta cusa a tsakiyar kalma. A allon waya da kyar ake lura. A kan takarda mai faɗin kamu biyu kuwa, sai ka ga kalmar RUƁEWA duk haruffanta ƙosassu, Ɓ ɗin kaɗai ramamme, gajere, kamar baƙo a cikin dangi. Daga nan ne wasu ke yanke shawarar cire ƙugiyar baki ɗaya, kuma wannan ya fi muni. "Mu kare muhalli" da "mu ƙare muhalli" ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu, ɗaya kira ne a tsare, ɗaya kira ne a gama da shi. Haka ƙasa da kasa, haka ƙura da kura. Fastar da aka liƙa a ƙofar sashen nazarin harsuna ba za ta tsira da irin wannan kuskure ba, kuma bai kamata ta tsira ba.

Maganin ba shi da wuya, sai dai dole a fara da shi kafin a zaɓi launi ko tsari. A buɗe shafi, a rubuta "ɓarna ƙaiƙayi ɗanɗano" da ƙananan haruffa, a sake rubutawa da manya a ƙasa, a ƙara girmansu sosai, sannan a riƙa sauya salo ana kallo. Dole a gwada manya da ƙanana daban, domin akwai salon da ke da ƙ amma ba shi da Ƙ. A gwada mai kauri da siriri su ma daban. Salon da ya fi zama abin dogaro a cikin na kyauta shi ne dangin Noto na Google, wato Noto Sans da Noto Serif, domin tun asali an yi su ne don su ɗauki harsunan duniya. Noto Sans ba shi da wani kwalliya, amma idan aka ɗauki mafi kaurinsa aka cika faɗin takarda da shi, yana da kwarjini. Akwai kuma Andika da Charis na SIL, ƙungiyar da ke nazarin harsuna, waɗanda aka zana musamman don harsuna irin namu, ana sauke su kyauta. Matsalar ita ce ɗora salon haruffa daga waje sai mai biyan kuɗin Canva Pro. Wannan babban gibi ne ga mai rubuta Hausa: abin da yake ƙarin ado ga mai Turanci, a wurinmu larura ce.

Wanda ke son ƙara layi ɗaya na ajami, abin da ke jan ido ƙwarai kuma yake kai saƙo ga masu shara, masu gadi da masu sayar da abinci da suka fi sakewa da shi, zai ci karo da wannan katangar. Canva na rubuta Larabci daga dama zuwa hagu lafiya lau, amma ajamin Hausa na da haruffa da wasulan da salon Larabci na yau da kullum bai cika ɗauka ba. Salon da suka dace su ne Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannun Kano, da Harmattan, dukansu na SIL. Idan babu Pro, a rubuta layin a Inkscape, manhajar zane ta kwamfuta wadda kyauta ce, a fitar da shi a matsayin hoto marar bango mai girman gaske, sannan a shigo da shi. A kuma ba wanda ya iya ajami ya karanta kafin a buga.

Inda Canva ta cancanci yabo shi ne saurin jera rubutu. Layukan daidaitawa na fitowa da kansu idan ana jan akwatin rubutu, a kwamfuta kuma danna Shift da R na fito da ma'auni a gefe da sama. Mutum uku na iya aiki a kan fasta ɗaya a lokaci guda, shugaban ƙungiya ya bar gyara a gefe ba tare da an yi ta tura hotuna a WhatsApp ba. Samfuran da ta tanada kuwa gara a bar su. An gina su ne a kan tsawon kalmomin Turanci, da salon da yawanci ba shi da ƙugiya, kuma cike suke da ganyayyaki da kibiyoyi masu zagaye da kowa ya gaji da gani. A fara da farin shafi, a sa girma da milimita: A3 shi ne 297 da 420, A2 kuma 420 da 594. A yanke shawarar girman tun farko, domin sauya shi daga baya da dannawa ɗaya na masu Pro ne.

Ga misali na zahiri a kan A2. Taken shi ne "LEDA BA TA RUƁEWA", a layi uku: LEDA, sai BA TA, sai RUƁEWA. A bar milimita 20 a kowane gefe, saura faɗin 380. Idan kalmar ƙarshe ta cika wannan faɗin da Noto Sans mai kauri, tsayin haruffan zai kai kusan santimita 6. Masu yin alluna na da ma'aunin da suke bi: santimita biyu da rabi na tsayin harafi ga kowace mita uku ta nisa. Ke nan ana karanta taken cikin sauƙi daga kamar mita bakwai, daidai nisan ɗalibin da ke sauri zuwa lacca. Rubutun da ke ƙarƙashin taken, "Ka sha ruwanka, ka jefa ledar a kwandon shara", ya tsaya a santimita biyu. Rana, wuri da sunan ƙungiya su sauka ƙasa da santimita ɗaya. Matakai uku ke nan, ba huɗu ba. Kada a dogara da lambar girman da Canva ke nunawa, a auna harafin da ma'aunin gefe, domin lamba ɗaya na ba da tsayi dabam dabam gwargwadon salo.

Kowane layi na taken a ba shi akwatinsa. Dalili shi ne tazarar layi: a rubutu mai girma ana so a matse ta zuwa 0.9 ko ƙasa da haka don taken ya zama dunƙule ɗaya, amma ƙugiyar ƙananan ɓ, ɗ da ƙ na miƙewa sama, sai ta taɓa wutsiyar g ko y na layin da ke bisa. Da akwati daban daban ana iya matsa kowane layi da hannu. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: ƙugiyar manyan Ɓ da Ɗ tana fitowa ne ta hagu, don haka idan layi ya fara da ɗayansu, jikin harafin kan shige ciki, gefen hagu ya zama kamar an ciji wani wuri. A tura wannan layin hagu kaɗan har sandar harafin ta yi daidai da ta sauran layuka, ƙugiyar ta leƙa waje. Ido ne alƙali a nan, ba layin manhaja ba. Kada kuma a bar ta ta yanke kalma a tsakiyar sh, ts ko ƙw, kuma alamar da ke cikin jama'a da 'yan ta zama iri ɗaya ko'ina, ko miƙaƙƙiya ko lanƙwasasshiya.

Launi shi ne wuri na biyu da ake kuka. Allo na aiki da haske, injin bugu na aiki da tawada huɗu, shi ya sa koren nan mai walƙiya da ake gani a waya yake fitowa a dushe kamar busasshiyar kuka. Fitar da fayil da tsarin launin bugu, wato CMYK, shi ma na Pro ne, na kyauta RGB, wato tsarin launin allo, kawai yake bayarwa. Wanda ba shi da Pro ya zaɓi kore mai duhu tun farko, domin ba ya canjawa sosai, ya guji shuɗi mai haske da ruwan lemo mai ƙyalli. Ja a kan kore kada a kuskura, yana rawa a ido kuma masu matsalar bambance launi ba sa raba su. Baƙi a kan ruwan ɗorawa, ko fari a kan kore mai duhu, sun fi kowane haɗi karantuwa a rana. Idan farin rubutu ne a kan duhu, ƙananan layukan su kasance masu ɗan kauri, domin tawada na malalowa ta cinye siririn harafi, ƙugiya ce kuma ke fara ɓacewa.

Wajen fitarwa, a zaɓi PDF Print, ba PNG ba, ba kuma hoton allo ba. A kunna zaɓin alamun yanka da rarar gefe, wanda ke ƙara kusan milimita 3 a kowane ɓangare, a tabbata launin bango ya kai har ƙarshen rarar. In ba haka ba, wuƙar yanka ta ɗan kauce sai a ga farin zare a gefen kowace fasta. Idan ta WhatsApp za a tura fayil ɗin, a tura shi a matsayin Document, ba hoto ba, domin WhatsApp na matse hoto ya lalata gefen haruffa. Masu bugu da yawa a Najeriya da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, kuma idan suka buɗe PDF ɗin manhajar kan tambaya ko a ɗauki rubutun a matsayin rubutu ko a mayar da shi zane. A gaya wa mai shagon ƙarara ya zaɓi zane. Idan ya ɗauke shi a matsayin rubutu alhali ba shi da salon a kwamfutarsa, duk wahalar da aka sha kan ƙugiya ta tashi a banza, akwatuna marasa komai ne za su fito a gurbinta. A nemi gwaji ɗaya a A3, a manna a bango, a ja baya taku goma a karanta, sannan a ba da izinin buga sauran.

Takarda mai sheƙi ta giram 150 ta isa ga allon cikin gini. Yuni farkon damina ne, don haka a guji ƙaramar firintar ofis mai ruwan tawada, yayyafi ɗaya ke wanke ta. Injin da ke amfani da garin tawada ya fi jure laima. Mai shago zai iya ba da shawarar a buga a fileks saboda ƙarko, amma fileks roba ce, kuma bai dace fastar da ke yaƙi da leda ta koma bola a matsayin wata ledar ba. Gara takarda ashirin a wuraren da ake tsayawa, bakin kantin ruwa, ƙofar ɗakin karatu, tashar motar ɗalibai da mashigar ɗakunan kwana, a kan ɗari biyu da iska za ta kwashe zuwa magudanar ruwa. A nemi izinin ofishin kula da harkokin ɗalibai, a kuma sa wanda zai cire su bayan taro. Idan za a sa lambar QR, Canva na samar da ita, amma kada ta gaza santimita 3, a bar mata farin fili kewaye, a gwada ta a kan takardar gwajin da waya biyu.

Canva na cin data, kuma idan intanet ya yi rauni gyaran ƙarshe kan maƙale bai adanu ba, don haka a duba alamar adanawa kafin a rufe. Aiki a waya ya isa don jera kalmomi da Gboard, wanda ke da madannan Hausa, amma matsa harafi da milimita ɗaya sai a kwamfuta. Ga ƙungiyar da ke son fasta ɗaya ko biyu a shekara, na kyauta ya wadatar muddin an tsaya a kan Noto da launi mai duhu. Wadda za ta riƙa bugawa a kai a kai, ko take son ajami da salo na musamman, ko dai ta biya Pro na wata ɗaya ta gama aikin zangon a ciki, ko ta sa mutum ɗaya ya koyi Inkscape da Scribus, waɗanda ke aiki ba tare da intanet ba kuma suna karɓar duk salon da aka sa a kwamfuta.