Kwana huɗu babur ɗina a rumfar wani tsohon bakanike

Babur ɗin da nake hawa Honda CG125 ne, gadon mahaifinmu, kuma ya girmi ɗana na fari nesa ba kusa ba. Irin injin nan ne da kamfanin ya fito da shi a 1975 domin ƙasashen da ake ɗora wa babur mutum uku da buhu, ba a kuma damu da juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Juriyarsa ce ta sangarta ni. Shekaru na yi ina hawa tsakanin Samaru da Sabon Gari a Zariya, in dai ya tashi da bugu ɗaya ba na tambayar lafiyarsa.

Daminar da ta wuce sai ya haɗo mini ciwo uku a jere. Na farko uwargida ce ta gano shi, don ita ke share zaure da safe: kullum sai ta tarar da jiƙaƙƙen wuri a ƙarƙashin injin, ga warin fetur har tsakar gida inda take hura gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗigon fetur ya daina zama abin da mutum zai kawar wa kai. Na biyu, giya ta yi tauri. In na tsaya a danja, neman firi, wato cire babur daga giya, sai ya zama kokawa, daga ta ɗaya ya tsallake zuwa ta biyu, ya sake dawowa, amma da na kashe injin sai ya shiga salin alin. Ko na damƙe hannun kuloci har ya taɓa kan babur, sai in ji yana jan jiki gaba kaɗan kaɗan.

Na kai wa wani yaro a bakin titi. Bai ko tayar da injin ba, ya ɗaure wayar kuloci tamau, ya ƙwanƙwasa gindin kafireta da ƙotar sukudireba, yoyon ya tsaya, ya karɓi na shan ruwa. Kwana biyu na ji daɗi. Ciwo na uku bayan nan ya bayyana. Ina dawowa daga Giwa da buhun masara, na murɗa totur a giya ta sama, injin ya yi ta kururuwa kamar zai fashe, gudu kuwa bai ƙaru ba. Masu keke sun kusa wuce ni a hawan gadar Kwangila. Da na koma wurin yaron sai ya yanke hukunci a tsaye: sabuwar kafireta, kuma a sauke injin.

Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen dattijon da nake son yin magana a kansa. Rumfarsa ta kwano ce, babu allo, babu suna, sai benci ɗaya da tsohon kwanon sha cike da notuna. Na zayyana masa komai. Bai ce uffan ba, ya taɓa hannun kuloci da yatsa ɗaya.

"Malam, wa ya ɗaure maka wannan haka?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya zare ma'aunin baƙin mai ya kai hancinsa, sannan ya miƙo mini. Warin fetur ne zalla, man kuma ya tsinke kamar ruwan shayi, ya haura alamar cika.

"Kana rufe famfon fetur da dare?"

"Gaskiya Baba, ban taɓa ba."

"Wane mai kake juyewa?"

Nan ma sai da na sunkuyar da kai, domin ragowar man motar ƙanina nake zubawa in ya yi sabis. Bayaninsa a nan shi ya fara sa na yarda da shi. Kulocin irin wannan babur a cikin baƙin mai yake wanka, mai ɗaya ne ke yi wa injin da giya da kuloci aiki. Yawancin man ƙananan motoci na zamani ana sa masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, santsin nan kuwa shi ne abokin gabar fayiba, wato faya-fayan cikin kuloci, wadda aikinta kamawa ne. Ya ce in riƙa duba bayan galan, in nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2, ma'aunin Japan ne na man babur mai irin wannan kuloci.

Aikin kulocin shi ne inda na ga bambancin gwani da mai neman na abinci, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Ya juye man, ya cire murfin injin na dama, ya zaro fayiba da faifan ƙarfen da ke tsakaninsu ya jera a kan kwali yadda suka fito. Fayibar ta yi baƙi tana sheƙi, tana warin ƙauri. Sai ya ɗauko wani guntun gilashin taga da yake ajiye a ƙarƙashin benci, ya goge, ya riƙa kwantar da faifan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya yana danna gefe da yatsa. Biyu daga ciki suka riƙa rawa a kan gilashin, sun kuma yi shuɗi shuɗi saboda zafi. Ya kama yatsana ya bi da shi ta jikin haƙoran kwandon kuloci, sai na ji gargada kamar bakin zarto. Waɗannan tsagogin ne ke riƙe faifan su hana su rabuwa ko an ja hannu, shi ya sa firi ke wuya in injin na aiki. Ɗaure wayar da yaron ya yi bai taɓa wannan ciwon ba, sai ma ya cinye wasan da ake bari a hannun kuloci, milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun, ya bar kulocin rabi a kame rabi a sake, har fayibar ta ƙone. Wato maganin ciwo na biyu ne ya haifi na uku.

Ya goge tsagogin da fayel a hankali, yana faɗa mini ƙarara cewa wannan lallaɓawa ce, in suka dawo sai sabon kwando. Sifirin ɗin kuloci ya jera su kusa da sabo, tsofaffin duk sun gajarce, aka canza su gaba ɗaya. Sabuwar fayiba kuwa ya jiƙa ta cikin baƙin mai ta kwana, ya ce ba a sa ta a bushe. Ni na je kasuwa na sayo kayan da kaina, sau biyu, domin na farkon ya juya su a hannu ya ce in mayar. Ban ji daɗi ba a lokacin, ga rana ga kuɗin mota.

Taurin giya ashe har da ƙaramin abu a ciki: ƙafar giyar ta yi lako lako a kan sandarta, noti ɗaya ya ɗaure. Sarƙa ma ya sassauta ta, ni da nake ganin ɗaurewa ita ce gyara.

Sai kafireta, wadda aka ce in jefar. Ya kwance kofin ƙasa, sai ga jan gari kwance a gindinsa, tsatsar tanki ce. Ya zaro allurar fuloti, abu ɗan ƙarami bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya nuna mini zoben da ya ci a bakin robarta. Aikinta toshe hanyar fetur in kofin ya cika. Da ta gaza, mai ya yi ta kwarara, wani ya fita ta tiyon ƙasa ya jiƙa zaure, wani ya gangara cikin injin ya gauraye da baƙin mai. Ƙwanƙwasawar da yaron ya yi datti kawai take girgizawa, gobe ya dawo. Fulotin, abin da ke yawo a kan fetur cikin kofin yana tura allurar, ya kaɗa shi a kunne ko ya sha mai, lafiyarsa lau. Bayan ya sa sabuwar allura ya kifa kafiretar ya hura ta bakin shigar mai, iska ta ƙi wucewa, ya juyo ta daidai ta wuce. Gwajin ke nan, ba na'ura ba komai. Ya canza tiyon da ya bushe ya tsage, ya sa ƴar matata a tsakani, ya wanke tankin. Akwai wani ɗan gumi a ɗinkin tankin da na daɗe ina shafa wa sabulu, dabarar da kowane mai babur ya sani. Ya ce sabulu na kai mutum gida ne kawai, kuma shi ba ya kai wuta kusa da tanki; ya aika da shi wurin mai walda bayan an wanke an shanya. Ya kuma ja mini kunne kan man ƴan bumburutu, musamman da damina.

Yanzu abin da ban so ba. Baba ba ya sauri, kuma ba ya ɗaga waya. Aikin da ya ce kwana biyu ya kai huɗu, rana ɗaya ma na zo na tarar ya tafi ɗaurin aure bai bar wa kowa saƙo ba. In da babur kake ci da iyali kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ya kuma ajiye kayan gyara, kai za ka yi ta zirga zirga. Yana da faɗa, a gaban yaransa ya wanke ni tas kan maganar man mota. Amma kuɗin hannunsa bai kai abin da aka nema na sabuwar kafireta kaɗai ba, kuma duk tsofaffin kayan da ya cire ya ƙulla mini a leda ya ce in tafi da abina.

Wata uku ke nan. Zaure a bushe yake, rufe famfo ya zame mini kamar rufe ƙofa. Firi na shiga da ɗan taɓi, na kuma hau Kwangila da goyo da kaya ba tare da kururuwa ba. Abu ɗaya ya rage: in na matsa masa a giya ta biyu, wani lokaci takan fice ta koma firi. Tun ranar gwaji Baba ya ji haka, ya ce haƙoran da ke sarƙe giyar ne suka lashe ko cokalin da ke tura ta ya lanƙwashe, wannan kam sai an raba injin gida biyu. Na tambaye shi ko a yi yanzu.

"Malam, lallaɓa shi zuwa bayan girbi. Ka shiga ta biyu da nutsuwa, ka bar ta da wuri. In ka zo, ka zo da gasket da haƙuri."

Gasket ɗin, takardar hana yoyo da ake sawa a mahaɗar injin, na riga na saya, yana rataye a ƙusa a zaure.