Ma'aunin jadawali a Excel: a bar wa manhaja ko a kafa da hannu?

Duk mai rubuta farashin dankalin turawa na kasuwar Farin Gada a Jos kowane mako, ya kuma zana shi a Excel, zai gamu da wannan zaɓi.

Idan ka bar wa manhajar, da zarar sabon adadi ya shigo sai ta miƙa ma'aunin gefe, wato jerin lambobin da ke gefen zanen, da kanta, babu layin da zai ɓace. Matsalarta ɗaya: idan tazarar da ke tsakanin adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta ba ta kai kashi 16.67 cikin ɗari na babban ba, Excel kan daina farawa daga sifili. Sai ƙarin naira kaɗan ya fito kamar dutsen Shere, mai gida ya duba ya ɗauka kasuwa ta kama da wuta.

Kafawa da hannu tana magance wannan, kuma ita ce daidai in za ka jera jadawalin wata biyu gefe da gefe. Amma ka rubuta iyakar sama, a ce 60,000, ta zauna ke nan. Ranar da buhu ya haura haka, saman layin ya yanke, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Wannan ne ya fi damuna, domin rahoto yana fita da kuskure ba wanda ya lura. Haɗa iyakar da wani gida na teburin lambobi, don ta riƙa bin adadin da ke cikinsa, kuwa sai an rubuta umarnin VBA, wato yaren da ake rubuta wa Excel umarni da shi.

Ni dai ina kafa ƙasa a sifili, in bar sama ta riƙa daidaita kanta.