Situdiyo ko kan dutse? Kafin ka biya kuɗin hoton tallar kayan daji da na tsaro

Mai sayar da takalmin hawan dutse, jakar goyo, tanti, tocila ko but ɗin masu gadi yana da matsalar da mai sayar da shadda ba shi da ita. Shadda kyanta ake gani a saya. Shi kuwa but, mai saye so yake ya san ko zai jure ƙaya da taɓo, ko jakar za ta ɗauki kaya ba tare da ta ci masa kafaɗa ba. Hoton da bai amsa wannan ba, ko ya kai wata kyau, bai yi maka aiki ba.

Hanya mafi araha ita ce wayarka. Wayoyin yanzu sun isa hoton da za ka ɗora a WhatsApp kullum, musamman a inuwar ƙofar shago da safe. Inda take gazawa shi ne baƙin kaya: baƙar jaka takan fito dunƙule guda, ba a ganin ɗinki, ba a ganin zif.

Sai situdiyo, wanda Abuja ta fi Jos yawansu. Farin bango, fitilu a daidaice, kowane kaya a ɗauke shi gaba da baya da ƙasa. Idan a Jumia ko Konga kake sayarwa, ba ka da makawa sai irin wannan. A rana ɗaya za a gama kaya da yawa, babu ruwanka da hadari ko rana. Amma tanti a kafe kan tayil ba ya gaya wa kowa komai game da iska.

Akwai kuma mai hoton biki, wanda yawancinmu shi muka sani, shi muke fara kira. Ba na raina sana'arsa, amma idonsa ya saba da fuska. Na taɓa tsayawa kan wani aiki da aka ba irinsu: fuskar saurayin ta fito tas, takalmin da ake tallarsa kuwa ya dushe a ƙasan hoton, sai da muka sake fita wata rana.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi ba ƙarfi, wato fita fili da mai ɗaukar hoto tare da darakta. Mutane na ganin kuɗin darakta asara ne tunda ba shi ke riƙe kyamara ba. Alhali shi ne zai rubuta jerin hotunan da ake buƙata tun a gida, ya je ya ga wurin kwana ɗaya kafin aiki, ya san ta ina rana za ta ɓullo. Shi zai lura an ɗaure ɗamarar jaka a kan ƙugu, ba a kan ciki ba, domin a ƙugu nauyi ke zama, kuma duk wanda ya saba hawan dutse zai gane kuskuren nan da kallo ɗaya. Shi ne kuma zai ce a taka ƙura da takalmin kafin a ɗauka. Idan kuɗinka ba su isa ka ɗauki su biyun ba, nemi mai hoton da shi kansa yake shiga daji.

Wajen wuri, Jos ce gaba a wurina. Tsaunukan Shere, da tsayinsu ya haura mita 1,800, suna bakin gari. Ga duwatsun Riyom masu kama da an jera su da hannu, ga magangarar ruwa ta Assop kusa da Hawan Kibo don rigar ruwa da jakar da ruwa ba ya shiga. Sanyin Jos na gaske ne, wanda ya sa rigar sanyi a can ba zai yi ta zufa a hoto ba. Ma'aikata ma ba sa wuya, tunda Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa a garin take. Abuja na da tsohon wurin fasa dutse na Mpape da madatsar ruwa ta Usuma, kuma idan a can kake ba sai ka biya kuɗin mota da masauki ba, sai dai wuraren da aka hana ɗaukar hoto sun fi yawa, musamman kewayen fadar shugaban ƙasa. Ka duba lokaci ma. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana shafe tsaunuka a bayan hoto. Ƙarshen damina ya fi, ciyawa kore shar, sama garau. A fara da sassafe ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana zuba inuwa mai kauri ƙarƙashin hula.

A kayan tsaro kuwa sai an yi hattara. Doka ta hana farar hula sa kakin soja, don haka kada darakta ya burge ka da mai dabbare-dabbare wai ya fi ɗaukar ido. Baƙi, ruwan toka ko ruwan ƙasa sun wadatar. Bindiga, ko ta roba ce, kada ta shiga motarku, ga shingayen bincike a hanya. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ka nemi ganin takardar da idonka. Tun Oktoban 2022 kuma hukumar kula da tallace-tallace ta hana amfani da fuska ko muryar 'yan ƙasar waje a tallar da ake yi wa 'yan Najeriya. A ƙauyen da za ku yi aiki, a fara gaida mai unguwa, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta hoto nawa za a gyara a ba ka, a wane lokaci, da ko kana da ikon sa su a allon talla ko a intanet kaɗai. Waɗanda suka fito a hoton su sa hannu sun yarda. Ka ce a ɗauko na tsaye da na kwance, domin Instagram da TikTok na tsaye suke so. Sannan ka hana a taɓa launin kaya wajen gyara, don wanda ya ga jaka ruwan ƙasa a waya, aka kai masa koriya, dawo maka da ita zai yi, kuɗin aike kuma a kanka.