Neman rim ɗin loda: shagon da sai da ya sa ni awo kafin ya karɓi kuɗina

Duk mai harkar manyan injinan tonon ƙasa ya san ranar da inji ya tsaya ranar asara ce, to mu rim ɗaya tak ya tsayar mana da loda, wato injin da ke ɗibar ƙasa yana lodawa a mota, kusan sati uku. Caterpillar 950 ce, tayarta 23.5R25. Iska ce ta dinga sauka a tayar gaba ta hagu, muna ta zargin bawul, sai da mai faci ya kwance ya goge tsatsa da burushin waya sannan muka ga tsaga siririya kamar silin gashi a jikin rim ɗin tana bin gurbin da zoben kulli (zoben ƙarfen da ke kulle sassan rim) yake zama, tsawonta ya kai ɗan yatsa. Wani a wurin ya ce a yi mata walda kawai a wuce. Na ce wallahi ba da ni ba, gurbin nan shi ke riƙe da duk ƙarfin iskar tayar, in ya saki zoben nan fitowa yake kamar harsashi kuma ya sha kashe mutane.

Shagon farko da na kira tambaya ɗaya suka min, meye sayis ɗin taya? Na faɗa, suka ce akwai. Kuma ba ƙarya suka yi ba, don taya 23.5R25 a kan rim 25-19.50/2.5 take zama, wato inci 25 girman da'ira, 19.50 faɗi, 2.5 tsayin leɓen gefe. Amma ai lodar Komatsu WA380 ma tayar da take sawa ke nan, haka Volvo L120, kuma ba wai rim ɗinsu na shiga juna ba ne. Kaya ya zo, muka ɗaga shi da kyar muka kai bakin aksul, ramukan noti suka ƙi haɗuwa, biyu su yi daidai sauran duk su kauce. Kwana huɗu suka tafi a banza wajen mayarwa.

Na biyun a intanet na same su, masu sayar da safayar manyan injina ne kawai, kuma su ne dalilin wannan rubutun. Da farko har haushi suka ba ni saboda yawan tambaya. Mutumin ya ce ranka ya daɗe ba zan turo komai ba sai ka ba ni lambar jikin injin, da hoton rubutun da aka buga a jikin tsohon rim ɗin, ka duba kusa da ramin bawul. Sannan in ƙirga ramukan noti, in auna faɗin rami ɗaya, in auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, in auna babban ramin tsakiya, sai kuma wanda ban taɓa kawowa a raina ba, wato inda farantin tsakiyar yake zaune a cikin gangar rim ɗin, ya matso ciki ne ko waje. Ya ce in wannan ya kuskure noti zai ɗauru lafiya lau amma taya za ta dinga gugar jikin inji ko ta fito waje ta ɗora wa boris nauyin da ba nasa ba. Haka na durƙusa da tef da katako miƙaƙƙe na gitta a bakin rim ina aunawa ina turo masa hoto, sau biyu yana cewa in sake.

Rim ɗin namu mai sassa biyar ne: gangar, zoben gefe biyu, zoben da bakin taya ke hawa, da zoben kulli, ga robar O-rin mai tare iska. Na so in sayi gangar kaɗai in yi amfani da tsofaffin zobba, ya ce bai ba ni shawara ba, don kamfanonin ƙera rim irin su Topy da Titan da GKN kowa da yankan gurbinsa, zoben wani zai iya zama a ido kamar ya shiga alhali bai kama ba. Na ɗauka dabarar ciniki ce, amma da sabon ya zo na jera shi da tsohon zobenmu na ga bakinsu ba iri ɗaya ba ne.

Inda suka gaza kuma zan faɗa. Sun ce sati ɗaya, sai da ya yi kwana 12, kuma ba su kira sun sanar ba sai ni ke ta bibiya. O-rin babu a cikin kayan, sai da muka nemo daban, abin da bai kamata ba ga wanda ya sayi cikakken saiti. Fentin ma siriri ne, mun ƙara masa wani kafin mu ɗaura.

Amma rim ɗin ya zauna daram, kowane rami ya haɗu ba guduma ba ƙwaƙula. A cikin kejin kariya muka ba shi iska da doguwar tiyo kowa ya koma gefe, bayan aikin yinin farko muka sake bin notocin da sifana mai awo, yau wata biyu iska ba ta sauka ba. Rim ɗin baya na dama ma ya fara cin tsatsa, wurinsu zan koma, sai dai wannan karon sai sun rubuta min O-rin da ranar isowa a cikin rasit.