Zoɓo a cikin laftof: yadda muka kwashe da mai gyara a Farm Centre

Ana saura kwana huɗu sallah, bayan an sha ruwa, autana ya zo wucewa da gudu ya yi fatali da kofin zoɓon da na ajiye a gefen laftof. Kusan rabin kofin ya bi ta tsakanin madannai ya shige. Ga aikin buga takardun ɗalibai biyu a ciki, kuma sun riga sun biya.

Abu ɗaya na yi daidai: na zare caja, na danne wajen kashewa har ta mutu, na kifa ta a buɗe a kan tawul. Daga nan sai wauta. Maƙwabcina ya ce a tura ta cikin buhun shinkafa, na bi. Bayan kwana biyu na kunna, ta tashi lafiya lau, sai dai harafin "a" in ka danna ya tafi ke nan, sai ya ga dama ya dawo. Duk mai buga Hausa ya san da wuya a yi jimla ɗaya babu shi.

Wani abokin sana'a ne ya kwatanta mini shagon, can cikin kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano. Ɗan ƙaramin wuri ne, benci ɗaya, fanka ɗaya. Mai gyaran ya shinshina kibod ɗin ya ce, "Malam, zoɓo ne ko lemo? Kuma kun kunna ta, ko?" Na amsa laifina. Ya ce ruwan ba shi ne babban abin tsoro ba, sukarin ne: ruwa ya bushe, sukari ya zauna ya yi danƙo, ga tsamin zoɓo yana cin ƙarfe a hankali. Shinkafa kuwa, in ji shi, ba ta wanke komai.

Abin da ya saye ni shi ne a gabana ya buɗe ta. Ya fara cire batir kafin ya taɓa komai, ya zare siririyar wayar nan mai faɗi da ta haɗa kibod da fanel, wato babban allon kayan wuta na cikin laftof, ya nuna mini jan tabo a bakinta. Saura ƙiris ya kai ga fanel ɗin. Ya ɓalle madannan da suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙarƙashin kowanne akwai 'yar roba mai kamar almakashi, ga wata 'yar ƙoƙo a tsakiya da ke turo shi sama. Da buroshin haƙori da auduga ya bi su, yana tsomawa a sifirit ɗin gyara, isopropyl, mai ƙarfin kashi 99, wanda ke bushewa nan take. Ya ce kada in kuskura in sa dirayar busar da gashi mai zafi, robobin lanƙwashewa suke.

Bai tura ni sayen sabon kibod ba, alhali ga su a rataye a bayansa. Naira 8,000 ya karɓa.

Inda ya ɓata mini rai: ya ce in dawo bayan la'asar, na dawo, bai haɗa ba. Washegari ma sai da na zauna awa guda yana fama da wayoyin mutane. Rasit kuma babu, sai "ai mun san juna yanzu, Malam." Da na ƙirga a gida, ƙusa ɗaya ta ƙasan laftof ɗin babu ita.

Wata uku ke nan ina aiki da ita. Harafin "a" ya dawo daidai, dogon madannin tazara ne kawai yake ɗan nauyi ta hagu in gari ya yi zafi. Zan koma wurinsa, amma da sassafe, kuma ina zaune zai ɗaure ƙusoshin.