Kafin koral ɗinku ta kashe kuɗi kan littafin nota

'Yan'uwa, tambayar nan ta yi yawa a wajenmu 'yan koral, wato ƙungiyar mawaƙan coci, nan Garwa ta Kamaru, wai wane littafi za a saya don koyon waƙar nan ta Yesu aboki, wadda da Faransanci muke cewa Quel ami fidèle et tendre. To kalmomin na Joseph Scriven ne, ɗan Ayaland da ya zauna Kanada, ya rubuta wa mahaifiyarsa su a 1855, muryar kuma wani lauya ne ɗan Amurka, Charles Converse, ya saka a 1868. Ita ce mai farawa da so so la so mi do.

Mafi araha shi ne ƙaramin littafi mai kalmomi zalla, irin Littafin Waƙoƙi da ake shigo mana da shi daga Yola. Na jama'a ne, ya shiga aljihu, amma ba zai koya wa alto ko bas komai ba.

Rigimar tana wajen littafi mai murya huɗu, wato soprano, alto, teno da bas. Akwai mai nota a kan layi biyar, akwai mai solfa, wato wanda aka rubuta muryar da do re mi, kuma Sacred Songs and Solos na Sankey, mawaƙin bishara ɗan Amurka, mai waƙa 1200, an buga shi iri biyun, don haka a buɗe a duba ciki kafin a biya. Mu dai mun taɓa aikawa aka kawo mana mai layi biyar, littafi mai kauri ga kyau, sai metir ɗinmu, wato mai koya wa koral waƙa, ya juya shi ya juya ya ce shi fa solfa ya iya. Yana nan cikin kabad har yau, gara ta fara cin bayansa. In kuna da mai fiyano da ya iya karanta layi, to wannan ɗin ne nasa, waƙar a F take, kod uku, wato nota da ake dannawa tare, sun kusa isar ta.

Wani abu kuma, a littattafan Ingila ana ɗora kalmomin kan wata muryar daban, Blaenwern, ta mutanen Wales. Mai daɗi ce ƙwarai amma ba ita iyayenmu suka sani ba, ka ja ta ran Lahadi sai ka ga kai kaɗai kake yi.

Masu saukewa a waya su yi hattara, yawanci sabon shiri ne mai ganga da jan murya, soprano za su kwaikwaya su lalata muku layi na biyar na waƙar. Ni da kuɗin a hannuna, mai solfa guda ɗaya zan saya wa metir, sauran a sayi ƙananan a raba wa mata.